Hannun da Munzali Ya Miƙa

Wata rana, wata Asabar da ba ta daɗe da wucewa ba, na ga bahago yana jifa da hannun dama.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku gyara zama. Maganar wasa ce, amma ban zo da wasa ba.

Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san likita ya tasa ni gaba a kan tumbin nan, ya ce lallai in nemi abin da zai riƙa motsa min jiki. Gudu ba na iyawa. Ƙwallon ƙafa kuwa gwiwa ta ce ba da ita ba. Shi ne wani abokin aikina ya ja ni wajen wasan bolin a nan Abuja.

In ba ka san bolin ba, ga shi a taƙaice.

Ƙwallo ce mai nauyi, ta kusa kilo bakwai, da ramuka uku a jikinta. Ka zura babban yatsa a ɗaya, na tsakiya da na zobe a sauran biyun, ka tako, ka gangara ta a kan wani dogon layi na katako mai santsi. A can ƙarshe an jera abubuwa goma masu kama da kwalabe. Iya abin da ka kayar, iya makinka.

A gefe da gefen layin akwai kwata. Ni da kwatar nan mun saba, har abokan wasa suka naɗa ni mai unguwarta.

A wajen na san Munzali.

Ɗan Kazaure ne, bai kai shekara talatin ba, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Kuma bahago ne.

In a wajen cin abinci ka gan shi ba za ka taɓa sani ba. Da dama yake ci, da dama yake sha, da dama yake gaisawa. Rubutu ma da dama yake yi, rubutun kamar kaji sun yi tono.

Amma da zarar ya ɗauki ƙwallo, sai ka ga wani mutum daban. Kafaɗa ta saki, ƙafa ta san inda za ta sauka, hannun hagun nan ya tafi baya ya dawo ba gargada.

Ya taɓa ce min, "Yaya Kamilu, nan ne kaɗai wajen da ba wanda yake kallon hannuna. Kowa kwalabe yake kallo."

A lokacin dariya na yi, don ban gane nauyin maganar ba.

Shi ba shi da ƙwallo tasa. Ƙwallayen gida yake ɗauka, waɗanda aka jera don kowa da kowa, ramukansu wani ya yi maka yawa wani ya matse ka. Irinsu miƙewa kawai suke yi, ba sa lanƙwasa. Duk da haka da su yake ba masu tsadaddun ƙwallaye kashi.

Sai ƙungiyarmu ta 'yan bolin ta sanar cewa za a zaɓi mutum huɗu su wakilce mu a wata gasa a Legas. Za a yi gwaji rana ɗaya, wasa uku, a haɗa maki, huɗun farko su tafi.

Kowa ya san Munzali yana ciki. Kowa kuma ya san in za a je Legas, ƙwallon gida ba za ta kai mutum ko'ina ba.

Nan fa ya shiga neman tasa.

Ni da na ɗauka ƙwallo ƙwallo ce, ka zaɓi kalar da ta yi maka ka biya. Munzali ne ya wayar min da kai.

Ashe a cikin kowacce akwai wani dunƙulen nauyi, kuma ba zagayayye ba ne. Shi yake sa ƙwallon ta tafi kamar za ta faɗa kwata, sai ta juyo ta shiga tsakiyar kwalabe ta watsa su. A jikin ƙwallon akwai wani ɗigo mai launi da 'yan wasa suke kira fin, shi ke nuna inda kan dunƙulen yake. Akwai kuma wata 'yar alama ta biyu da ke nuna ɓangaren da nauyi ya ɗan rinjaya.

Tazarar da ke tsakanin ɗigon da alamar ita 'yan wasa suke dubawa kafin su saya. Wata inci ɗaya ce, wata biyu, wata har biyar. Munzali mai inci uku zuwa huɗu yake so, ya ce ita za ta ba mai huda ramuka sararin ajiye ɗigon a saman yatsu, ƙwallon ta yi nisa kafin ta karyo.

Sabuwar ƙwallo ba ta zuwa da ramuka. Sumul take zuwa. Sai an auna hannunka an huda ta daidai yatsunka, kamar yadda tela yake yanka shadda daidai jikinka.

Kuma ku riƙe wannan, don nan maganar take. Hudar mai hannun dama daban, ta bahago daban. Ramin yatsan tsakiya da na zobe suna musayar waje, ramin babban yatsa ya karkata ta wani ɓangaren, ɗigon nan ma ya koma ɗaya gefen. Ƙwallon da aka huda wa hannun dama, ta hannun dama ce.

A nan garin bai samu irin wadda yake so ba. Sai ya nemi yayarsa Baraka, wadda take karatu a Malesiya kuma tana shirin dawowa hutu.

Baiwar Allah nan ba ta san komai a kan bolin ba. Amma ta bi shaguna da tef ɗin awo a jaka, tana ɗora shi a kan ƙwallayen mutane tana ɗaukar hoto tana turo masa. Ya ce wannan ta yi gajarta, ta tafi wani shagon. Ya ce wannan ta wuce, ta sake tafiya. Har ta samo wata shuɗiya mai jan ɗigo, tazararta daidai yadda yake so.

Ranar tahowa kayanta suka yi nauyi a filin jirgi. Sai ta fitar da tukunyar shinkafa mai lantarki da ta saya wa kanta, ta bar wa ƙawarta, ta saka ƙwallon ƙaninta.

Ƙwallon ta iso hannunsa a makon gwajin.

A makon ne kuma Baffa Haladu ya zo daga Kazaure.

Baffa Haladu yayan mahaifin Munzali ne. Shi ya riƙe su shi da Baraka bayan mahaifinsu ya rasu, ya ciyar, ya tufatar, ya sa su makaranta. Wannan ba zan ɓoye ba, kuma Allah ya saka masa.

Shi ne kuma ya sha alwashin ba za a yi bahago a gidansa ba. Munzali yana ƙarami in ya kai hagu ga alƙalami, sai ya ji rula a bayan yatsu. Akwai lokacin da aka riƙa ɗaure masa hannun da ɗankwali a bayansa tun safe har a tashi daga makaranta. Baffa ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin yanar ido ya zo yi. Munzali ne mai kai shi asibiti, shi ne mai dawo da shi, duk inda zai je suna tare.

Ranar Alhamis, daga asibiti, Munzali ya ce, "Baffa, bari mu ɗan biya in ba da wani aiki, ba za mu daɗe ba."

Ban kasance a wajen ba. Daga baya Munzali ya ba ni labari, mai hudar ma ya tabbatar min haka aka yi.

Mai hudar wani dattijo ne, Malam Isiyaku, wanda ya koyi sana'ar a Jidda. Yana da ɗan ɗaki a bayan zauren wasan, ba kullum yake zuwa ba, kuma daga ɗakinsa ba a hango layi. Bai taɓa ganin jifan Munzali ba. Ranar kuma aiki ya yi masa yawa, don duk masu shiga gwaji sun kawo gyara, mutum biyu ma suna zaune suna jira.

Ya karɓi ƙwallon, ya juya ta, ya duba ɗigon, ya auna tazarar.

Ya ce, "Ma sha Allah. Wanda ya zaɓo wannan ya san abin da yake yi."

Ya ɗauko abin awonsa.

"To, miƙo hannunka, ɗana."

Munzali ya miƙa hagu.

Sai ya ji kan sandar Baffa a wuyan hannunsa. Ba duka ba ne, ɗan taɓawa ne, amma ya ce min har cikin kansa ya ji shi.

"Kai, Munzali. Dattijo kake miƙa wa hagu? Abujar ce ta mayar da kai haka?"

"Baffa, ai wannan…"

"Ai me? Sa'an ubanka ne fa. Miƙa masa hannun kirki."

Mutumin da aka kawo asibiti don ba ya gani sosai, amma hagu ba ta ɓace masa ba.

Mutanen da ke jira suka ɗago kai. Munzali ya janye hagu ya mayar bayansa, inda ta saba zama.

Ya miƙa dama.

Malam Isiyaku ya yi 'yar dariya ya ce, "Ƙyale shi, Alhaji, yaran yanzu sai haƙuri." Ya kama hannun ya buɗe yatsun ya auna, ya zana layukansa a jikin ƙwallon da fensir mai launin ɗorawa, ya ɗaure ta a injin.

Munzali yana tsaye yana kallo.

Ya san abin da ke faruwa. Ya fi kowa a ɗakin sani. Ya ce min ƙarar injin ba ta dame shi ba kamar shuɗin garin da yake fitowa daga ramin yana zuba a ƙasa.

Rami na ɗaya. Na biyu. Na uku.

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode, Allah ya ƙara girma.

Jama'a, ku tsaya mu duba abin nan da kyau, don ni abin ya fi ƙarfina.

Manyan mutane uku a ɗaki ɗaya.

Ɗaya ya ba da umarni a kan abin da bai sani ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba, don a ganinsa yaron da ya raina ba zai san wani abu da shi bai sani ba.

Ɗaya sana'arsa ce, shekara da shekaru yana yinta, ya ga mutum ya fara miƙo hagu da idonsa, amma bai iya cewa "da wanne kake jifa?" ba. Kalma huɗu. Ko numfashi ba za su cinye masa ba. An ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa bai tambaya ba, sai ƙwallon wani ta ɓata.

Ɗayan kuma ya san gaskiya, tana bakinsa, amma an riga an koya masa tun yana ɗan shekara shida cewa haɗiye ta shi ne tarbiyya.

Kada wani ya zo min ƙasan rubutun nan da wa'azin da ban nema ba. Ci da dama, sha da dama, ba da abu da dama, duk mun sani, mun yarda, kuma na gaya muku Munzali yana yi. Ba abinci aka miƙo masa ba. Ba gaisuwa ake yi ba. Awo ne. In mutum ya karye a ƙafar hagu, dama zai miƙa wa mai ɗori don ladabi?

Ranar Asabar ta zo, ranar gwaji.

Zauren ya cika. Baffa Haladu ma ya zo, cikin babbar riga da baƙin tabaran da aka ba shi bayan aiki, ya ce bari ya ga wasan da ya ɗauke wa yaron nan hankali. Aka ba shi kujera a gaba, dab da layin Munzali. Na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki.

Ni ba na cikin masu gwaji, kun san matsayina. Kallo na zo, kuma Munzali na zo kallo.

Ya fito da shuɗiyar ƙwallon daga jaka, mutane suka yi ta sa albarka. Na lura bai yi murmushi ba, na ɗauka fargaba ce.

Aka kira sunansa.

Ya ɗauki ƙwallon da hannun dama.

Na ce a raina goge ta zai yi ya mayar. Sai na ga ya zura yatsu, ya tsaya, ya tako. Ƙafafunsa suka rikice, don sun saba da ɗaya tsarin. Ƙwallon ta fita daga hannunsa kamar an ƙwace, ko rabin layi ba ta kai ba ta gangara unguwata, wato kwata.



Ya sake. Ya kayar da uku.

Haka aka yi wasan farko gaba ɗaya. Mutumin da muke tsoron haɗuwa da shi ya samu makin da ko ni zan ji kunyar a karanta shi a fili. Ashe tun Alhamis yake lallashin kansa cewa tunda da dama yake rubutu, wataƙila jifan ma zai yiwu.

Da aka ba da hutu na ja shi bayan injin sayar da lemo.

Na ce, "Munzali, lafiyarka kuwa? Me ya samu hannunka?"

Ya miƙo min ƙwallon ya ce, "Sa yatsunka, Yaya Kamilu."

Na sa hannuna na dama. Ya zauna daram.

A tsaye a wajen ya ba ni labarin da na ba ku, a gurguje, yana yi yana waiwayen inda Baffa yake.

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

"A gaban mutane? Shi ya riƙe ni fa."

"Jiya fa? Me ya hana ka dawowa kai kaɗai?"

"In ce wa dattijon me? Ya yi aikin banza? Kuma ko an cike ramukan sai sun kwana sun bushe kafin a sake hudawa. Aikin gama ya gama."

Wallahi na cika na batse. Na rasa wanda zan fara da shi. Abin da kawai na iya ce masa shi ne, "Saura wasa biyu. Ko ka yi da hannunka, ko ka ɗauki jakarka ka tafi gida."

Wasa na biyu ya ɗauki shuɗiyar da hagu.

Na ga Baffa ya gyara tabarau ya leƙo, sannan ya kau da kai.

Amma ƙwallon ba tasa ba ce, ko da yake sunansa ne a jakar. Yatsan tsakiya ya faɗa ramin na zobe, na zobe yana miƙewa bai kai ba. Babban yatsa ya ƙi fita a kan lokaci. In ta sauka sai ta riƙa bin kan ramukanta, kana jin ɗum, ɗum, ɗum har ƙarshen layi. Inda ya kamata ta karyo sai ta yi kasala ta wuce.

Kafin a gama, fatar babban yatsansa ta saluɓe. Ya goge jinin a tawul ya ci gaba.

Wasa na uku ya mayar da ita jaka ya ja zif. Ya naɗa filasta a yatsan, ya je wajen ƙwallayen gida, ya ɗauko wata baƙa mai tabo wadda ya saba da ita.

Nan muka ga Munzalinmu.

Ya share goma. Ya sake sharewa. Ya sake. Mutanen da ke sauran layukan suka bar nasu suka dawo kallo. Ni da likita ya hana hayaniya, ni ne a kan kujera a tsaye. Filastar ta jiƙe ta yi ja, bai ko dube ta ba.

A wasan nan na uku ba wanda ya kama ƙafarsa a duk zauren.

Amma maki haɗawa ake yi.

Aka karanta sunaye huɗu. Nasa ne na biyar.

Ya je ya taya huɗun murna ɗaya bayan ɗaya, da hannun dama, yana murmushi. Wayarsa tana ta haske a kan benci, sunan Baraka yana fitowa yana ɓacewa. Bai ɗauka ba.

Sannan ya zo ya durƙusa gaban Baffa ya ce a tashi a tafi, lokacin ɗiga maganin ido ya yi.

Ina tsaye a gefensu.

Baffa ya dafa kafaɗarsa, da tausayi fa, ba da mugunta ba. Wannan ne ma ya fi ƙona min rai.

Ya ce, "Yi haƙuri, Munzali. Ba rabonka ba ne. Haka Allah ya ƙaddara."

Na buɗe baki. Na riga na shirya abin da zan faɗa, kuma da na faɗa da yau ba na shiga Kazaure. Sai Munzali ya riga ni.

Bai ɗaga murya ba. Bai ma tashi daga durƙuson ba. Hannun hagun kawai ya ɗago, da jiƙaƙƙiyar filastarsa.

"Baffa, Allahn da ya ƙaddara, shi ya ba ni wannan hannun."

Munzali ya ci gaba.

"Ban taɓa ci da shi ba. Ban taɓa gaishe ka da shi ba. Amma da shi nake jifa, da shi nake ɗibar jinin marasa lafiya, kuma ba wanda ya taɓa cewa na ji masa ciwo. Ranar Alhamis awo ake yi, Baffa. Da ka tambaye ni, da na gaya maka."

Baffa ya ce, "Kai me ya hana ka faɗa?"

"Na fara. Ka ce ai me."

Ba zan yi muku ƙarya in ce dattijon ya fashe da kuka ko ya nemi gafara ba. Wannan a fim ake yi. Ya cire hannunsa daga kafaɗar, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, ya zuba wa ƙasa ido ta cikin baƙin tabarau. Abin da ke ransa shi da Ubangijinsa.

Munzali ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Maimakon ƙofar fita, sai ya nufi ɗan ɗakin baya. Na bi shi. Da na waiwaya sai na ga Baffa ma ya taso yana biye da mu a hankali.

Malam Isiyaku yana share garin huda daga kan teburinsa. Munzali ya gaishe shi, ya ajiye shuɗiyar ƙwallon a gabansa.

"Baba, ni bahago ne."

Dattijon ya dubi ƙwallon, ya dubi filastar, ya dubi Baffa da ke tsaye a bakin ƙofa. Na ga lokacin da ya tuna. Tsintsiyar hannunsa ta tsaya.

Ya ce, "Innalillahi. Hagu ka fara miƙo min."

"Ita na fara miƙowa."

"Na gani kuwa. Na gani da idona ban tambaya ba. Wannan laifina ne, ɗana, ba na injin ba."

Na ji daɗi da ya faɗa, amma ihu ne bayan hari. Motar Legas ta riga ta cika.

Ya juya ƙwallon ya ce za a iya cike ramukan a bar su su bushe, a sake huda wasu. Zai yi, kuma ba zai karɓi komai ba. Sai dai tabo uku za su zauna a jikinta, duk wanda ya ɗauka zai gani.

Munzali ya ce, "A bar su su zauna."

Malam Isiyaku ya jawo abin awonsa. Wannan karon sai da ya ɗan tsaya.

"Miƙo hannun da kake jifa da shi."

Idona yana kan sandar Baffa. Ba ta motsa ba.

Munzali ya miƙa hagu. Ya tallafo ta da dama a gwiwar hannu, ya sunkuyar da kai, kuma kafin yatsun dattijon su taɓa nasa, na ji ya ce a hankali:

"A yi haƙuri, hagu ce."

Mutumin da aka ɓata wa ƙwallo. Mutumin da ya rasa Legas, yatsansa yana jini. Shi ne yake ba da haƙuri, kuma bai ma san ya faɗa ba.

Na fita waje na tsaya a wajen motoci, don ban so su ga fuskata ba.

Darasi:

Ƙwallo ana cike ta a sake hudawa. Yaron da aka koya wa neman gafara a kan yadda Allah ya halicce shi, ban san injin da yake gyara wannan ba.

Iyayenmu da yayyenmu, girmanku yana nan, ba mai taɓa shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma kafin sanda ta sauka a hannun yaro, a tambaye shi me yake yi da hannun. In ya fara cewa "ai wannan", a bar shi ya ƙarasa. Kuma abin da muka ɓata da hannunmu, mu daina ɗora wa ƙaddara shi.

Masu sana'a, in kun ga abin da bai yi muku daidai ba, ku tambaya kafin ku kunna inji.

Kai kuma da aka raina a kan shiru, ladabi bai hana ka faɗin gaskiya a durƙushe ba. Munzali ya faɗa daga ƙarshe, kuma sama ba ta faɗo ba. Da ranar Alhamis ya faɗa, da yanzu hotunan Legas nake sa muku.

In akwai bahago a gidanku, ko wanda yake riƙe da rula yana jiransa, tura masa wannan. In kai ne aka taɓa ɗaure wa hannu da ɗankwali, rubuta mana a ƙasa, da duk hannun da ka ga dama.